BLUE: Faifan Joni Mitchell da ya ƙi tsufa

Mai karatu, in ka taɓa kallon fim ɗin Almost Famous na Cameron Crowe, wanda ya fito a 2000, za ka tuna wurin da yaron nan ya jawo jakar faya-fayan da yayarsa ta bar masa a ƙarƙashin gado, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu akwai wani mai shuɗin bango, da fuskar mace ta runtse ido. Masu bin diddigi sun kama darakta da laifi, domin a labarin ana cikin 1969 ne, faifan kuwa bai fito ba sai 1971. Ni ban ga laifinsa ba. Wanda ya san faifan zai yi masa uzuri.

Sunan faifan Blue, wato shuɗi, kalmar da Turawa kan yi amfani da ita wajen nufin ƙuncin zuciya. Mai shi ita ce Joni Mitchell, 'yar ƙasar Kanada da aka haifa a 1943. Waƙoƙi 10 ne kacal, tsawonsu duka bai kai minti 40 ba. Kamfanin Reprise ne ya fitar da shi a watan Yuni na 1971, bayan an naɗe shi a sutudiyon A&M da ke Hollywood.

To me ya sa har yau ake zancensa? Sai mun koma baya kaɗan. Tana 'yar shekara 9 cutar shan inna ta kama ta, ta raunana mata hannun hagu. Da ta fara kaɗa jita sai ta riƙa sauya ɗaurin tsirkiyoyin don yatsunta su samu sauƙi, daga nan ta samu wani amo nata na kanta. A 1965 kuma, tana birnin Toronto, ba miji, ba ko sisi, ta haifi 'ya mace. Da abin ya gagara ta bayar da ita riƙo ga mutanen da ba ta sani ba. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Zuwa 1970 ta yi suna, tana zaune a unguwar Laurel Canyon ta Los Angeles tare da mawaƙi Graham Nash, har ana batun aure. Sai kawai ta tattara ta yi Turai. Ta zauna a ƙauyen Matala na tsibirin Kirit a ƙasar Girka, inda matasan Turawa masu gudun duniya suka tare a kogunan dutse. Daga wannan tafiya ce ta aiko wa Nash saƙon tangaraho cewa zama ya ƙare. A can ta rubuta wasu waƙoƙin da wani ɗan abin kiɗa mai tsirkiya da ake ɗorawa a cinya, dalsima. Da ta koma Amurka ta shiga wata soyayyar da James Taylor, ita ma ba ta yi ƙarko ba. Shi ne ma ya kaɗa jita a wasu waƙoƙin faifan. Ka ji fa!

Abin da ya bambanta Blue da sauran waƙoƙin rabuwa shi ne matar ba ta wanke kanta ba. Mun saba da mai kukan soyayya ya ɗora laifi kan wanda ya yaudare shi, a waƙa ko a fim ko a littafi. Ita kuwa a waƙar River kanta take tuhuma, cewa son kanta da wuyar sha'aninta ne suka kori mutumin kirki. Kuma ta ɗauko karin wata sananniyar waƙar Kirsimeti ta murna ta juya shi a fiyano ya koma na makoki. Ba ganga mai ƙarfi, ba taron 'yan amshi da za ta ɓuya a bayansu. Kai ka ce a ɗaki ɗaya kuke, tana faɗa maka abin da ko aminiyarta ba ta sani ba. An ruwaito cewa da Kris Kristofferson ya ji waƙoƙin sai ya roƙe ta da ta rage wani abu ta bar wa kanta. Ita ma a hirar da ta yi da Crowe ɗin nan a 1979, lokacin yana ɗan jarida, ta kwatanta kanta a wancan zamani da ledar kwalin taba, wadda ake ganin komai ta cikinta.

Amma duk da wannan tone-tone, babban sirrin bai fito ba. Waƙar Little Green a kan 'yar nan ce da ta bayar. Ta rera ta a bainar jama'a, faifan ya shiga gidaje ba adadi, aka yi sama da shekara 20 mafi yawan masu sauraro ba su gane ba. Sai a shekarun 1990 labarin ya fasu a jaridu, uwa da 'ya suka haɗu a 1997. Allah Sarki. A ganina nan ne ƙarfin faifan yake. Masu cewa ai littafin sirrinta kawai ta karanta a kan kiɗa sun raina aikin. Da haka ne, da ya mutu tare da gulmar wa ta so, wa ta bari. Ta san abin da za ta buɗe da abin da za ta lulluɓe, shi ya sa wanda bai taɓa jin sunan Nash ba yake ɗaukar waƙar tamkar da shi ake.

Da ya fito ya samu karɓuwa, amma a Amurka lamba 15 ya tsaya a jadawalin Billboard. Darajarsa daga baya ta yi ta hawa. Prince ya sake rera A Case of You. Mujallar Rolling Stone ta sa shi na 30 cikin manyan faya-fayai 500 a 2003, da ta sake lissafi a 2020 sai ga shi na 3. Gidan rediyon NPR kuma a 2017 ya ba shi na 1 cikin faya-fayan da mata suka yi.

A 2015 jijiyar jini ta fashe mata a ƙwaƙwalwa, sai da ta sake koyon tafiya, har da kaɗa jita. Mutane da dama sun ɗauka an gama jin ta. A watan Yuli na 2022 sai ga ta a dandalin bikin waƙoƙi na Newport tare da Brandi Carlile, tana da shekara 78, a zaune kan kujera, muryar nan mai tashi sama ta koma ƙasa ta yi kauri. Cikin abin da aka rera a ranar har da Carey da A Case of You, duka daga Blue. Faifan da aka naɗa a wurin ya ci kyautar Grammy a 2024.