Ire-iren Laifuffuka da Kotunan da ke Sauraronsu a Shiyyar Funtua da Malumfashi

Mun tanadi wannan bayani domin manoma, makiyaya, dagatai da masu unguwanni su san kotun da ta dace da kowane laifi.

Dokokin da ake aiki da su

Tun daga 1960 Arewa take aiki da kundin hukunta laifuffuka na Final Kod, yayin da Kudu take da nata kundin daban. A shekarar 2000 Jihar Katsina ta faɗaɗa shari'ar Musulunci ta haɗa da laifuffuka, saboda haka tsari biyu ne suke tafiya tare.

Kotun Majistare da Kotun Shari'a

A nan ake kai mafi yawan ƙararrakin karkara: sakin dabbobi su yi ɓarna a gona, shiga gonar wani ba izini, satar masara ko auduga daga rumbu, karɓar kayan sata, cin amana, zamba cikin aminci da jikkata mutum. Kotun Shari'a tana hukunta Musulmi ne. Rikicin iyakar gona da na gado ba laifi ba ne, ƙarar neman hakki ce. Amma wanda ya ɗaga adda a kanta ya aikata laifi.

Babbar Kotun Jiha

Tana zama a Funtua da Malumfashi, kuma gabanta ake gurfanar da masu kisan kai, fashi da makami da garkuwa da mutane. Majistare ba shi da ikon yanke hukuncin kisa. Iyakarsa ya tsare wanda ake tuhuma har Ma'aikatar Shari'a ta ba da shawara. A 2019 gwamnatin jiha ta gyara doka, ta tanadi hukuncin kisa ga masu garkuwa da mutane da ɓarayin shanu.

Babbar Kotun Tarayya

Noma ko sayar da tabar wiwi da sauran miyagun ƙwayoyi laifi ne na tarayya. Hukumar NDLEA ce take kai su gaban wannan kotu a birnin Katsina.

Ɗaukaka ƙara

Hukuncin kotun farko ba shi ne ƙarshe ba. A 2002 kotun Shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa, Babbar Kotun Shari'a ta Funtua ta tabbatar, amma a Satumbar 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke shi.

Jan hankali

Muna kira ga shugabannin al'umma da su ci gaba da sasanta ƙananan rigingimu, musamman lokacin kaka. Amma kisa, fyaɗe da fashi ba a kashe su a zaure. A sanar da 'yan sanda nan take. Wanda ya ɗauki doka a hannunsa, ko da ɓarawo ya kama, shi ma zai amsa tuhuma gaban alƙali.