Daga Ijaza Zuwa Digiri: Tarihin Sharuɗɗan Karatun Ilmin Halayyar Ɗan'adam

 

Abin da za mu yi magana a kansa shi ne ilmin halayyar ɗan'adam, wanda ake kira saikoloji, da sharuɗɗan da jami'a ke ɗora wa mai neman digirin farko a cikinsa. Sau da yawa ɗalibi yakan shiga wannan fanni da zaton zai koyi karanta zukatan mutane, sai ya tarar da lissafi da ƙididdiga da ɗakin gwaji suna jiransa, har ya soma ganin an sa masa su ne don a wahalshe shi. Nufinmu shi ne mu bi tarihin waɗannan sharuɗɗa, mu ga inda kowanne ya samo asali, sa'an nan mu auna su da bukatar ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Kafin zuwan digiri

Nazarin halin mutum ya daɗe a ƙasar nan. Harshenmu kansa shaida ne, gama Bahaushe ya bambanta zuciya da hankali, ya bambanta kunya da tsoro, ya kuma ce labarin zuciya a tambayi fuska. A shekarar 1974 Anthony Kirk-Greene ya buga wata lacca a kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki, inda ya jera halaye irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya. Abin da ya yi shi ne rubuta ma'aunin da iyayenmu suka daɗe suna auna mutum da shi.

Ta fuskar littattafai kuwa, malaman Musulunci sun yi rubutu mai yawa. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya wallafa Masalih al-Abdan wa al-Anfus, inda ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da fushi da waswasi, da yadda ake magance su. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babban sashe na Ihya'u Ulumiddin ga cututtukan zuciya, kuma littafin sananne ne a zaurukan malamanmu. Wajen shekarar 1786 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shigo Zamfara wa'azi, ya yi kimanin shekara biyar, ya zauna a Faru ta ƙasar Maradun. Daga cikin jama'arsa akwai Malam Muhammadu Tukur, wanda ya zauna a Matuzgi kusa da Mafara, ya yi rubuce-rubuce a kan magani.

Yaya ake sanin almajiri ya isa a wancan zamani? Sai ya zauna gaban malami, ya karanta littafi tun daga farko har ƙarshe, malami yana fassara yana gyara. Ba ya ɗaukar babban littafi sai ya sauke ƙaramin da ke gabansa. In ya gama, malami ya ba shi ijaza, wato izinin ya karantar, tare da jerin sunayen malaman da ilmin ya biyo ta hannunsu. Ku lura da abin da ke cikin wannan tsari: halartar darasi, da bin mataki, da shaidar wanda ya san ka. Za mu sake gamuwa da su cikin sabuwar riga.

Yadda ilmin ya zama fannin jami'a

A ƙasashen Turai, maganar hankali da hali ta daɗe a hannun masana falsafa. A shekarar 1879 ne Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Leipzig ta ƙasar Jamus, inda ake auna abubuwa irin su tsawon lokacin da mutum kan ɗauka tsakanin jin ƙara da motsa hannu. Daga wannan shekara ake ƙirga haihuwar saikoloji a matsayin fanni mai zaman kansa. A 1905 kuma Alfred Binet da Théodore Simon suka fito da gwajin basira a Faransa, don a gane yaran makaranta masu bukatar taimako na musamman. To, duk wanda zai auna abu, ya kwatanta mutum ɗari da wani ɗari, ba makawa sai ya san ƙididdiga. Nan ne asalin darasin da ɗalibai suka fi kuka da shi. In an cire shi, abin da ya rage ra'ayi ne kawai, kowa kuwa yana da nasa.

Shi kuma tsarin ƙirga darussa da awo, daga Amurka ya fito. Charles Eliot, wanda ya zama shugaban Jami'ar Harvard a 1869, ya ba ɗalibai damar zaɓen darussa. Da kowa ya kama tasa hanya, sai aka bukaci ma'auni guda da zai nuna cewa wane da wane sun yi karatu daidai gwargwado. Saboda haka aka soma ƙirga sa'o'in da ɗalibi ya yi a aji, ana tara su har su cika adadin digiri.

Shigowarsa Nijeriya

Gwamnatin mulkin mallaka ta fara duban matsalar hankali ta fuskar tsaro. Dokarta ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta fi kula da yadda za a tsare mai taɓin hankali bisa yadda za a warkar da shi. Wanda ya sauya wannan tunani shi ne Dokta Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, wanda a 1954 ya soma wani tsari a Aro kusa da Abeokuta. Marasa lafiya suna zama a ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Duniya ta yaba wa aikin, har Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Darasin Aro shi ne, ilmin da aka ɗauko daga waje ba ya kama ƙasa sai ya san al'adar mutanen da ya tarar.

Sashen saikoloji na farko a jami'o'in Nijeriya an buɗe shi a Nsukka a 1964. Ita wannan jami'a an kafa ta a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, saboda haka tun farko ta bi tsarin Amurka na awon darussa. Legas ta biyo baya a 1969, sa'an nan Ibadan da Jos a cikin shekarun 1970. A 1984 masana fannin suka haɗu cikin ƙungiya guda ta ƙasa.

A Arewa maso Yamma kuwa, ta ƙofar horon malamai fannin ya shigo. A kwalejojin horon malamai irin ta Maru, inda Malam Aminu Kano ya koyar kafin ya bar aiki a 1950, ana koya wa mai shirin zama malami yadda yaro ke girma da yadda yake koyo. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ƙara da cewa a sami masu ba ɗalibai shawara a makarantu. Wannan ya sa yawancin mutanenmu da suka ɗanɗani fannin, a tsangayar ilmi suka same shi, a Zariya ko Kano ko Sakkwato. Mai neman cikakken digirinsa kuwa ya daɗe yana doguwar tafiya, zuwa Jos, daga baya kuma Makurdi ko Keffi.

Sharuɗɗan da ɗalibi zai cika

An kafa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, a 1962, ta sami ikon doka a 1974. Hukumar JAMB ta zo a 1978 don haɗa jarrabawar shiga jami'a wuri guda. A 1989 NUC ta fitar da mafi ƙarancin abin da kowane digiri zai ƙunsa, ta kuma sa jami'o'i bisa tsarin awon darussa. An sake duba wannan ƙa'ida a 2007, sa'an nan a watan Disamba na 2022 aka ƙaddamar da sabuwa.

Mai neman shiga sai ya zo da kiredit biyar daga sakandare, har da Turanci da lissafi, ya kuma ci jarrabawar JAMB. Karatun shekara huɗu ne, kowace shekara zango biyu. Kowane darasi yana da awonsa, wanda ake kira yunit, kuma yunit ɗaya daidai yake da sa'a ɗaya ta lacca kowane mako har zangon ya ƙare. Ba a ba da digiri sai ɗalibi ya tara aƙalla yunit 120, ko 90 ga wanda ya shiga daga aji biyu. Darussan iri-iri ne: akwai na tilas, akwai na zaɓi, akwai na gama-gari da kowane ɗalibin jami'a ke yi. Cikin na tilas akwai yadda jiki da ƙwaƙwalwa ke sarrafa hali, da girman mutum daga yarinta zuwa tsufa, da halin mutum cikin jama'a, da rikicewar hankali, da gwaje-gwaje, da ƙididdiga, da dabarun bincike. Wani darasi ba a ɗaukarsa sai an ci na ƙasa da shi, wanda aka faɗi kuwa sai an maimaita. Akwai zuwa sanin makamar aiki a asibiti ko makaranta ko gidan gyaran hali. A shekarar ƙarshe ɗalibi zai rubuta kundin bincike a ƙarƙashin malami guda, wanda zai sa hannu a kai.

Sakamako kuma tara shi ake yi tun daga zangon farko. A ma'aunin maki biyar, 4.50 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu, 2.40 zuwa 3.49 ƙaramar daraja ta biyu, 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku. Wanda ya yi wasa a aji ɗaya zai ja nauyin wasansa har aji huɗu, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu ku waiwayi ijaza: halartar lacca ita ce zama gaban malami, darasi kafin darasi shi ne littafi kafin littafi, sa hannun mai duba kundi kuwa shi ne shaidar malami. Abin da zamani ya ƙara shi ne awo, da hujjar da wani zai iya sake gwadawa.

Ya kamata kuma a san iyakar wannan digiri. Bai mai da mutum likitan ƙwaƙwalwa ba, gama shi wancan likita ne da ya yi karatun likitanci. Mai son duba marasa lafiya ta hanyar saikoloji sai ya ƙara digiri na biyu da horo a asibiti, irin asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.

Abin da ya shafe mu

Me ya haɗa wannan duka da Mafara da Bakura da Maradun? Tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato. An auna ƙasa da ruwa da siminti, amma ba a ba da irin wannan kula ga abin da rabuwa da gonar gado ke yi wa manomi ba. Rikicin diyya ya yi ta ruruwa har watan Afrilu na 1980, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta, aka rasa rayuka da yawa.

Bayan shekara 41, a 2021, garuruwan nan uku suka sha wata jarrabawa. Ran 26 ga Fabrairu aka sace 'yan mata daga sakandaren Jangebe ta ƙasar Mafara, aka sako 279 ran 2 ga Maris. A watan Agusta aka ɗauke ɗalibai da ma'aikata daga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba aka sace ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta ƙasar Maradun. Yaron da ya dawo daga daji, likita zai duba jikinsa. Amma firgita cikin barci, da rashin iya natsuwa a aji, da tsoron komawa makaranta, su ma suna bukatar wanda ya san su, wanda zai tambayi yarinya da Hausa, ya gane abin da kunya ta hana ta faɗa. Mai irin wannan aiki in ya yi kuskure, mutum ya ɓata. Wannan shi ne dalilin tsananta sharuɗɗa: amanar hankalin mutane za a danƙa masa.

Akwai ƙofofi biyu da suka buɗe. Ta farko, Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tabbatar wa marar lafiya haƙƙinsa. Ta biyu, ƙa'idar 2022 ta tsara kashi 70 cikin ɗari na manhaja, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Yawancin gwaje-gwajen fannin da Turanci aka tsara su, a kan mutanen wasu ƙasashe. Fassara su zuwa Hausa da sake gwada ingancinsu a kan mutanenmu aiki ne na ƙididdiga da dabarun bincike, wato darussan nan da ake gudu.

Kammalawa

An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Mafara tana da Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau tun 1992, ta kuma sami jami'ar jiha a 2018, bayan ta tarayya da aka kafa a Gusau a 2013. Ga ma'aikatan gwamnati, roƙonmu shi ne a sa wannan fanni cikin lissafi yayin raba tallafin karatu, a kuma tanadi guraben aiki a ma'aikatun ilmi da lafiya da walwalar jama'a, don wanda ya gama ya sami abin da zai dawo da shi gida. Ga ɗalibai kuwa, ku nemi littafin ƙa'idojin sashenku tun makon farko, ku riƙa ƙirga awonku kowane zango, ku zaɓi batun kundinku daga matsalar garinku. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya, ya sa ilminmu ya amfani jama'a.