DAGA ƘAFAR KAKA ZUWA FO

Abin da ya sa na ɗauki biro yau gardama ce da ta taɓa haɗa ni da uwar mijina a nan gidanmu na Mabera, lokacin da 'yata ta fari take da shekara biyu da wata huɗu. Inna ta shigo ta tarar ina canza mata famfas, sai ta tsaya bakin ƙofa ta riƙe haɓa ta ce, "Ke, mi kika jira? Ɗiya na gudu, tana kiran sunan kowa, amma kashi cikin leda? Mu ba mu san hakanga ba." Na ce Inna ai likitoci sun ce sai yaro ya shirya. Ta ce ubanta da ta haifa tun bai yi arba'in biyu ba ya daina ɓata mata zane. A raina na ce cika baki ne irin na tsofaffi. Ashe ba ƙarya ta yi ba.

A zamanin su Inna yaro ba ya rabuwa da jikin uwarsa ko na mai renonsa. Yana baya cikin majanyi, daga shi sai ɗan tsumma. Wadda ta goya yaro fata da fata ba ta buƙatar a gaya mata, da ya fara mutsu-mutsu, ko ya sandare ƙafa, ko ya yi wani ɗan nishi, ta san abin da ke tafe. Sai ta sauke shi, ta zauna ta miƙe ƙafafunta, ta ɗora shi a kansu yana kallonta, tana yi mishi "tsiii" a baki. Da safe in ya tashi a ɗora shi, in ya sha nono a ɗora shi, har jikinsa ya saba da sautin da kuma zaman. Tsakar gida ƙasa ce, a zuba toka ko rairayi a kwashe da kasko a kai masai. Ga kuma hannaye da yawa: kaka, kishiya, gwaggo, 'yan mata masu reno. Ɗan fari ma uwarsa kunyarsa take ji, yawancin hidimarsa a hannun kaka take. Baba ta Karo, wadda ta ba Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga shi a 1954, ta yi bayanin irin wannan gida da yaro yake na kowa.

Kuma kada ki ɗauka Hausawa kaɗai suka san wannan dabara. A 1977 wasu masana biyu, Marten da Rachel deVries, sun buga abin da suka gani a wurin ƙabilar Digo da ke bakin teku a Kenya. Matansu suna farawa tun jariri yana da makonni, su ɗora shi a ƙafa, su yi mishi sauti da baki, kafin wata biyar ko shida yaro ya daina jiƙa goyo. Da na karanta sai da na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe Inna tana da 'yan'uwa a Kenya.

Malamanmu ma ba su bar zancen ba, saboda maganar tsarki ce. Ya zo a Muwaɗɗa cewa Ummu Ƙais ta kawo jaririnta wurin Annabi (S.A.W.), yaron ya yi fitsari a tufafinsa, bai yi faɗa ba, ruwa kawai ya nema. A littattafan fiƙihunmu na Malikiyya an yi wa mai shayarwa rangwame kan abin da ya taɓa tufafinta na yaro matuƙar tana iya ƙoƙarinta, an kuma so ta ware zanen salla daban. Wato tun can an san yaro sai ya ɓata.

To ina maganar "sai ya shirya" ta samo asali? Daga Amurka. Su ma da can da wuri suke farawa, har da tsanani. Littafin reno da gwamnatinsu ta fitar a 1932 cewa ya yi a fara tun jariri yana ɗan ƙarami, a bi agogo, in ya ƙi a sa mishi ɗan sabulu, a gama kafin wata takwas. Yara suka sha wuya. Sai a 1962 wani likitan yara, T. Berry Brazelton, ya fito da sakamakon yara 1,170 da ya bi, ya ce a bari sai yaro ya wuce wata 18, ya nuna alama da kansa, kada a tilasta. Shekara ɗaya kafin nan, a 1961, kamfanin Procter & Gamble ya fitar da Pampers kasuwa. Kin ga jira ya zo da sauƙi tunda babu wanki. Shi likitan ma daga baya, a 1998, ya fito a tallar Pampers na manyan yara. Ban ce ya yi ƙarya ba, amma ni 'yar Sakkwato ce, in mai tallar fura ya ce min yau za a yi zafi, nakan ɗaga kai in duba sama da kaina.

Mu nan nafkin ne ya fara shigowa, farin tawul da babban fil da wandon roba a sama. Da shi aka rene ni. Mahaifiyata ta ce igiyar shanya ita ce shaidar gidan da ke da jariri, kuma wankin nafkin da ruwan saye shi yake sa uwa ta matsu ta sayo fo tun yaro bai iya zama sosai ba. Kamfanin Pampers ya shigo Nijeriya a 1992, amma an daɗe ana ganin abin na matan manya ne, sai za a je biki ko asibiti. Sannu a hankali aka fara sayar da shi ɗaya-ɗaya a shagon unguwa, Molfix da wasu suka shigo, sunan famfas ya zama na kowane iri. A Disamba 2023 kamfanin ya sanar da daina yin kaya a ƙasar nan saboda matsalar canji, masu Huggies su ma suka bi a 2024. Kuɗi ya tashi, maigida ya fara ƙirga guda nawa ake ƙonawa a rana. Sauran kuwa ki leƙa kwalbatocin Mabera da damina ki ga abin da yake toshe su.

Bari in koma kan 'yata. Maganar Inna ta yi min zafi, ga wata makarantar rainon yara da ta ce ba ta karɓar mai famfas. Sai na cire mata rana ɗaya, na dasa ta a kan fo ina tsawa. Ranar da ta yi a kan tabarma na ɗaga hannu na mare ta, Allah Ya yafe min. Abin da ya biyo baya shi ne ta riƙe kashi kwana huɗu, cikinta ya yi tauri, in ta ga fo sai ta ruga bayan ƙofa. Ma'aikaciyar jinya da muka je wurinta ta tambaye ni me ya canza a gida. Na ce na yaye ta watan jiya, kuma ina da ciki. Ta ce to ki ƙyale ta tukuna, nono ya tafi, baya ya tafi, yanzu kuma fo?

Nan na gane ni ban bi ta Inna ba, ban bi ta likita ba. Hanyar Inna uwa ce take koyon yaro tun yana jariri, tana son jiki da jiki da mataimaka. Wadda ta sa famfas shekara biyu ta riga ta bar wannan hanya, sai ta jira alamu. Yaro ya iya tafiya da tsuguno, ya yi kamar awa biyu a bushe, ya fara laɓewa lungu in zai yi, ya ji ƙyamar jiƙa yana ja yana nuna miki, ya iya sauke wando. Yawanci tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa uku ake ganinsu. Ba a farawa yana zawo, ko ana tsakar yaye, ko an yi sabuwar haihuwa. Fitsarin kwance kuwa maganarsa daban, yakan kai shekara biyar, duka ba ya maganinsa. A juye fo a masai, a wanke hannu da sabulu, don kashin yaro yana ɗauke da cuta kamar na babba.

Wata biyu na ƙyale ta. Wata safiya ta ga ɗiyar maƙwabta a kan nata, ta zo ta jawo fo da kanta ta ajiye a gindin darbejiya. Ƙaninta kuwa da aka haifa, Inna ce ta zo ta zauna da ni har arba'in, ta miƙe ƙafa a tsakar gida ta ce in matso in gani.