Daga daɓe zuwa siminti: tarihin shimfiɗa a ɗakunan Adar

Bara, ana saura kwana uku ƙaramar salla, muka tashi ɗaga kafet ɗin falona a nan Tawa don a yi shara ta sosai. Ya ƙi tasowa. Robar da ke bayansa ta narke da zafi ta manne da siminti, da muka ja da ƙarfi sai ta taso da jan fentin ɗakin. Gidan haya ne, dole na biya kuɗin gyara. Mahaifiyata tana zaune tana kallonmu, ta ce, "Malam, ni dai tabarmata ba ta taɓa cin daɓe ba." Maganar nan ce ta sa na koma baya na duba yadda mutanen Adar suka riƙa shimfiɗa a ɗakunansu.

A da, ƙasan ɗaki iri biyu ne. Wasu su baza rairayi mai laushi, a tankaɗe shi, in ya yi dauɗa a kwashe a kawo sabo. Wasu kuwa su yi daɓe: mata su taru da madaɓai, a zuba tsakuwa da jar ƙasa, ana yayyafa ruwa ana bugu ana waƙa, daga baya a shafe da ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ya yi ƙarfi da sheƙi. A kan wannan ake shimfiɗa tabarmar kaba, wadda ake saƙawa da ganyen goriba. Madawa ta yi suna a wannan sana'a har gobe. Tabarmar kaba tana da ƙofofin da iska ke ratsawa, kuma ba ta kwana a wuri guda: da safe a naɗe ta a jingine, a share ɗaki. Saboda haka laima ba ta taruwa, gara ma ba ta samun maɓoya. A arewa, wajen Abalak da Cintabaraden, matan Buzaye na saƙa tasu da karan afazo da zaren fata, masu ibada kuma na da buzun rago.

Darduma da kilishi, wato shimfiɗar ulu ba na nama ba, kayan sarauta ne da manyan attajirai. Ta hamada suke zuwa daga Arewacin Afirka, su biyo ta Agadas. Dangantakar Adar da Agadas ta ƙara ƙarfi tun ƙarshen ƙarni na 17, lokacin da Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci ƙasar, zuriyarsa kuma ke sarauta a Illela. Marigayi Farfesa Djibo Hamani ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa na tarihin Adar na 1975. Irin wannan shimfiɗa saƙa ce zalla, babu wani abu da aka liƙa a bayanta, kuma galibi a kan tabarma ake ɗora ta.

Abubuwa uku suka sauya lamarin. Na farko siminti: masana'antar Malbaza ta fara aiki a 1966, sannu a hankali siminti ya maye gurbin daɓe a birni, daga baya karo ya biyo. Na biyu farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, waɗanda suka rage itatuwa ƙwarai, kaba ta yi nisa da masu saƙa, tabarmar roba mai araha ta cika kasuwa. Na uku tafiye-tafiye. Ƴan Adar mutanen bida ne, daga Abijan, Legas da Libiya suke dawowa da kafet da ledar ɗaki, alhazai kuma da dardumar Makka. Har ta kai ɗakin amarya bai cika ba sai an malale shi bango zuwa bango.

A nan matsalar take, mai karatu. Yawancin wannan kafet an yi shi ne don ƙasashe masu sanyi. Bayansa roba ce ko soso, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu na wuce digiri 40. Robar takan yi laushi ta kama fenti, ko ta bushe ta zama gari. In aka ɗora ta a kan ledar ɗaki, sinadaran da ke cikinta na barin tabon rawaya wanda sabulu ba ya fitarwa. Leda a kan daɓe kuwa tana tsare laimar damina, ƙasa ta ruɓe, gara ta shiga. Rairayin da hunturu ke kawowa ya shige ƙarƙashin kafet, a yi ta taka shi har ya goge sheƙin karo.

Don haka in za ka saya, juya bayan shimfiɗar ka duba kafin ka dubi adonta. Zaɓi mai bayan saƙa na auduga, rama ko ulu. In ka kankara da farce ka ga yana ɓarɓashi ko danƙo, bar shi. Kada ka liƙa da gam, musamman a gidan haya. Sabon siminti a ba shi aƙalla kwana 28 ya yi ƙarfi, a kuma bari ya bushe sarai kafin a rufe shi. Gara ƙananan dardumai biyu da za ka iya ɗagawa kowane mako da babba guda da zai shekara bai motsa ba. Sannan ka sa tabarmar kaba mai laushin saƙa a ƙarƙashi, kamar yadda magabata suka yi.

Abin da nake yi ke nan yanzu a gidana, kuma kuɗin tabarmar na shiga hannun wata mai saƙa a karkararmu. Ina gaya wa ɗalibaina su tambayi kakanninsu yadda ake daɓe tun suna raye, domin masu sanin aikin suna ƙarewa. Allah ya sa mu dace.