Tarihin Gidan Karnuka na Battersea

A shekarar 1860 ne wata baiwar Allah mai suna Mary Tealby, da ta ga irin azabar yunwa da karnuka marasa masu ke sha a titunan Landan, ta buɗe musu mafaka a unguwar Holloway, kuma duk da ba'ar da wasu jaridu suka yi mata, gidan ya ɗore har aka mayar da shi Battersea a 1871.

A wannan gida, babban kare mai taurin kai, wanda ya tashi babu tarbiyya, shi ya fi wuyar samun mai karɓa, domin ma'aikata sukan jarraba ɗabi'arsa, ko yana gurnani idan an matso kusa da abincinsa, ko yana fizgar igiya, sannan ba sa damƙa amanarsa sai ga wanda ya goge da irinsa.

Wata doka ta shekarar 1991 ta haramta wasu nau'o'in karnuka, ciki har da Pit Bull, har ya zama wajibi a kashe wanda ya shigo gidan ko da mai ladabi ne, alhali hukunci bisa siffa ba adalci ba ne.