Tukunyar Nukiliya ta Samaru da Tazarar da ke Tsakaninta da Gadon Asibiti

Tsoro ne ya fara kawo maganar nukiliya Nijeriya, tun kafin wani ya yi tunanin za ta amfani majinyaci. A ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, a daidai lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙurar Sahara tana zubewa a ƙasar Hausa. Jama'a suka shiga tambayar me ke cikin hazon da suke shaƙa. Da Faransa ta yi gwaji na uku kafin shekarar ta ƙare, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadanta a Janairun 1961. A 1964 aka buɗe ofishin auna tururin nukiliya a sashen fiziks na Jami'ar Ibadan, a shekarar ce kuma Nijeriya ta shiga IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyana.

Tsoro na biyu daga kudu ya taso. A tsakiyar shekarun 1970 an yi ta raɗe-raɗin cewa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu na ƙera bam, kuma daga baya ta tabbata gaskiya ne. Nijeriya a lokacin tana ji da kuɗin mai, tana kuma ji da kanta a matsayin babbar yaya a nahiyar. A 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fitar da doka mai lamba 46 wadda ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa. Hukumar ta zauna a takarda shekara 30 cur, sai a 2006 aka naɗa mata shugabanni. Abin da ya tsira daga wancan yunƙuri shi ne cibiyoyi biyu da aka danƙa wa jami'o'i a ƙarshen shekarun 1970, ɗaya a Ile-Ife, ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya. Ta Zariyar ce Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi, wadda kowa ya fi sani da CERT.

Shekarun farko na tura matasa karatu waje ne da tara kayan aiki kaɗan-kaɗan. Sai farashin mai ya faɗi, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, darajar naira ta zube, malaman jami'a da dama suka kama gabansu. Waɗanda suka tsaya a Samaru sun yi aiki da abin da ke hannu: ƙaramin injin samar da niyutiron da na'urorin gano sinadaran da ke cikin dutse da ƙasa. A ganina wannan zamanin ne ya fi cancantar yabo a tarihin cibiyar, ko da yake babu wani biki da aka yi a cikinsa. Cibiyar nukiliya da ba ta da tukunya, a ƙasar da albashin farfesa ba ya kai shi ƙarshen wata, ba abin da ya fi mata sauƙi kamar ta mutu a tsaye.

A 1996 aka sa hannu kan yarjejeniya tsakanin Nijeriya da Sin da IAEA don kawo ƙaramar tukunyar bincike ƙirar Cibiyar Makamashin Nukiliya ta Sin. Irinta ce aka kafa a Pakistan da Iran da Siriya, da kuma Gana, wadda tata ta fara aiki tun 1994. Ta Zariya ta yi jinkiri, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ba a ba ƙasa makamashin nukiliya sai tana da hukumar da za ta sa ido. Dokar kafa wannan hukuma ta fito a 1995, amma ba ta fara aiki ba sai 2001, kuma wanda aka ɗauko ya shugabance ta tsohon daraktan CERT ne, Farfesa Shamsideen Elegba. Ranar 3 ga Fabrairun 2004 tukunyar, mai suna NIRR-1, ta kama aiki. Shekara 28 ke nan bayan dokar 1976.

Wanda ya ji an ce tukunyar nukiliya zai zaci wani dodon gini ne. Zuciyarta, inda makamashin yake, ba ta fi ƙaramin bokiti ba. Siraran sanduna ne sama da 300 aka jera a da'ira, aka kewaye su da ƙarfen beriliyam, aka nutsa su can ƙasan ruwa mai zurfi, da sanda guda tak a tsakiya wadda ake ɗagawa ko saukewa don a ƙara wuta ko a rage. Ƙarfinta a lokacin da aka kafa ta kilowat 30 ne na zafi, ba ta ba kowa lantarki, ita kanta sai an kawo mata wuta na'urorinta ke tashi. An ƙera ta yadda in ruwan ya ɗumama aikinta ke lafawa da kansa, shi ya sa 'yan sa'o'i take yi a cikakken ƙarfi a yini.

Aikinta shi ne ta faɗi abin da ke cikin abu. A ce an ɗebo ƙasa daga gonar dawa a Manga, cikin masarautar Zuru, ana son sanin me ta ƙunsa. Za a shanya ta, a niƙe ta lukui, a auni abin da bai kai giram ɗaya ba, a ƙulle a 'yar leda, a sa cikin ƙaramin kwanson roba. Iska ce ke harba kwanson ta cikin bututu har gefen zuciyar tukunyar. Can niyutiron za su yi ta dukansa, na minti kaɗan ko na sa'o'i, gwargwadon abin da ake nema. In an dawo da shi sai a ɗora a kan ma'auni na jamaniyam wanda ake sanyaya shi da ruwan naitirojin. Kowane sinadari yana fitar da irin nasa hasken gama, don haka sai ka ga tsinukan zane suna tasowa a fuskar kwamfuta: wannan manganis, wannan zinare, wancan asenik. Ta wannan hanya ɗalibai masu digiri na biyu da na uku daga jami'o'in ƙasar nan suka auna ma'adinai da takin zamani da hatsi da magungunan gargajiya. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 tana da tambayoyi irin waɗannan jibge a gabanta, kuma amsarsu na Samaru.

A nan ne ake ganin tasirin masu bincike irin Farfesa Sunday Jonah, wanda ya daɗe yana kula da tukunyar. Yawancin rubuce-rubucensa kan abubuwa ne da ba sa shiga jarida: yawan niyutiron a kowane bututu, yadda zafin ruwa ke taɓa sakamako, lissafin abin da zai faru in an sauya makamashi. Amma sai da wannan lissafi ake yarda da kowane awo da ya fito daga ɗakin, kuma shi ya share fagen babban aikin da cibiyar ta yi suna da shi.

Makamashin da Sin ta kawo da farko yuraniyam ne da aka tace har kashi 90 cikin 100, wato irin wanda ake bam da shi. Nauyinsa kilo ɗaya ne da 'yan kai, bai isa bam ba, amma a shekarun da Boko Haram ke kai hari har Zariya da Kaduna, ba wanda hankalinsa ya kwanta da zamansa a harabar jami'a. Gana ta sauya nata a 2017, ma'aikatan Zariya suka je can suka koyi yadda ake zare zuciyar tukunya. A Oktoban 2018, lokacin Farfesa Yusuf Aminu Ahmed na darakta, aka ciro tsohuwar zuciyar da taimakon IAEA da Amurka da Sin da wasu ƙasashe, aka sa sabuwa mai tacewar kashi 13. A Disamba jirgi ya ɗauki tsohuwar daga Kaduna ya mayar da ita Sin. Daga baya Farfesa Ahmed ya zama shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa. Ke nan mai sa ido da mai tsara manufa duk Samaru ta taɓa ba ƙasa.

To ina majinyaci a cikin wannan tarihi?

A shekarar 1976 ɗin nan da Nijeriya ta rubuta dokarta, wani abu ya faru a Amurka. Masana sinadarai a ɗakin binciken Brookhaven, cikinsu har da Alfred Wolf da Joanna Fowler da Tatsuo Ido, sun haɗa wani irin sukari da aka liƙa wa fulorin-18 mai fitar da haske. Aka ɗauko shi a jirgi zuwa Jami'ar Pennsylvania da ke Filadelfiya, inda wani matashin likita ɗan asalin Iran, Abass Alavi, ya yi wa mutum allurarsa a watan Agusta. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarinsa, kuma sukari ne abincinta. Duk inda ke aiki sosai sai ya zuƙi sukarin ya haska a hoto, inda ya raunana kuma ya dushe. Hoton CT da na MRI siffar ƙwaƙwalwa suke nunawa, shi wannan aikinta yake nunawa. Da shi ake laluben inda farfaɗiya ke tasowa kafin a yi tiyata, ake bambance nau'o'in gigin tsufa, ake kuma gane ko ƙarin da aka yi wa magani ya dawo ne ko tabo ne kawai. Alavi ya shafe rayuwar aikinsa a kan wannan hanya, wadda yau ake kira PET, kuma amfaninta a cutar daji ya ma zarce na ƙwaƙwalwa.

Sirrin waccan nasara shi ne kusancin ɗakin bincike da asibiti, domin waɗannan sinadarai ba sa jira. Fulorin-18 yana rasa rabin ƙarfinsa duk bayan minti 110. Teknetiyam-99m, wanda da shi ake yin mafi yawan hotunan likitancin nukiliya a duniya, rabinsa na tafiya cikin sa'a 6. Ana tatsar sa ne daga molibdenam-99, shi kuma sa'a 66 ne nasa, abin da ke ba da damar a yi safararsa a jirgi mako-mako. Manyan tukwane ƙalilan ne ke samar da shi a duniya, ɗaya daga ciki ita ce SAFARI-1 ta Pelindaba a Afirka ta Kudu, mai megawat 20, wato ta ninka ta Zariya sau ɗaruruwa. Ƙasar da tsoron bam ɗinta ya sa muka kafa CERT ta wargaza bama-bamanta shida, ta koma sayar wa asibitocin duniya magani. Tukunyar Samaru ba za ta iya wannan ba, kuma ba laifinta ba ne, ba don shi aka ƙera ta ba. Fulorin-18 ma ba a tukunya ake yin sa ba, sai da wani inji daban da ake kira saikulotiron.

Sassan likitancin nukiliya da suka kafu a Nijeriya da tallafin IAEA a tsakiyar shekarun 2000 suna asibitin koyarwa na Ibadan, inda Farfesa Bola Osifo ta jagoranci aikin, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Hoton PET kuwa sai a 'yan shekarun nan ya iso, a hannun 'yan kasuwa a Legas. A maƙwabciyarmu Nijar, wadda ake haƙar yuraniyam a Arlit tun 1971, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da cibiyar sinadarai masu haske da ke da sashen duba marasa lafiya.

A ce akwai yaro a Manga mai farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, zai fara da babban asibitin Zuru. Daga nan sai hanyar Dabai da Mahuta da Koko zuwa Birnin Kebbi, ko a zarce Sakkwato, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da Farfesa Bello Bala Shehu ya yi ɗawainiyar kafawa. Likitan da zai buɗe kai yana nan. Hoton da zai gaya masa daidai inda zai taɓa, in CT da MRI sun gaza, shi ne ke can wata uwa duniya, kuma iyalai kaɗan ne za su iya sayar da amfanin gona su kai yaro Legas.

Akwai 'yar igiya da ta riga ta haɗa CERT da asibitoci. Cibiyar na auna yawan hasken da ma'aikatan ɗakin hoto ke sha, tana kuma da wurin ajiye tsofaffin sinadarai masu haske da aka gama amfani da su. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, mai sashen gashin cutar daji, yana 'yan kilomita kaɗan daga ƙofarta. An ƙulla yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a 2016 kan babbar tukunyar bincike da za ta iya samar da sinadaran asibiti, amma mai jiran wannan ya shirya dogon zama, in aka dubi shekara 28 da ƙaramar ta ci. Saikulotiron na asibiti ya fi kusa da hannu: ɗaki ne mai kaurin bango, da wutar da ba ta yankewa, da masana fiziks da sinadarai da suka saba da awon haske da kiyaye ƙa'ida, irin waɗanda Samaru ta yi shekara 40 tana yayewa. In aka kafa shi a Zariya, allurar da aka haɗa da asuba za ta isa Kano ko Kaduna a mota da saura mai amfani. Sakkwato ta yi nisa da hanya, sai dai jirgi ko nata injin.