Daga Akwatin Rediyo zuwa Katin Gana

Kafin rediyo ya zo Ankara, kamar yadda kakanninmu ke kiran birnin Accra, labari a ƙafa yake tafiya. Fataken goro da na shanu su ne masu kawo shi daga Arewa, su sauke a Zongo Lane, daga nan ya bazu cikin Kasuwar Makola, wadda aka gina a 1924. Wanda ke son sanin abin da gari ke ciki, kasuwa yake zuwa.

A ranar 31 ga Yuli, 1935, Gwamna Arnold Hodson ya buɗe tashar ZOY. Ta igiyar waya ake kai shirin zuwa wasu akwatuna da aka liƙa a gidaje, akwati ɗaya kunnuwa ashirin. Daga baya Hausa ta shiga cikin harsuna shida na gida da gidan rediyon ƙasa ke magana da su. Sai dai gwamnati ce ke faɗa, talaka sauraro kawai yake yi.

Bakin talaka bai buɗe ba sai bayan tsarin mulkin 1992. A 1994 Charles Wereko-Brobby ya kunna Radio Eye ba tare da izini ba, hukuma ta rufe ta, amma a 1995 Joy FM ta fara aiki. A shekarar ce kuma kamfanin Nii Quaynor ya haɗa Gana da intanet. A zaɓen 7 ga Disamba, 2000, wakilan tashoshi suka riƙa karanto sakamako ta wayar salula daga rumfunan zaɓe, kowa yana ji yana lissafi. Samarin Nima da Maamobi kuwa, a shagunan intanet suka koyi kwamfuta, suna biyan kuɗin awa, mutum uku a kan kujera ɗaya.

Ni da nake gabatar da shiri, abin da wannan tarihi ya nuna mini shi ne, rashin na'ura bai taɓa hana zango shiga harkar ƙasa ba. Aro muke yi, karo-karo muke yi. Abin da ba ya aruwa shi ne takardar shaida.

Dattawanmu ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Zanguna suka yi kufai, har da waɗanda a nan aka binne cibiyarsu. Tambayar wancan lokaci ta dawo da sabuwar riga. Daga Oktoban 2021 aka wajabta rajistar layin waya da Katin Gana, a 2023 aka toshe layukan da ba a yi wa ba. Masu saurarena da dama sun koka cewa da an ji suna irin Fuseini ko Hawa, sai a ce su kawo hujjar garin kakanni.

Ku duba abin da ke rataye da layin nan. Tun da MTN ta kawo MoMo a 2009, uwa mai sayar da waake ko koko a cikinsa take ajiye jarinta. Da shi take kiran rediyo ta tambayi ɗan majalisa zancen kwatar unguwa. In an toshe shi, an rufe mata asusu, an kuma rufe mata baki.

Saboda haka, jama'ar zango, a yi wa jariri takardar haihuwa kafin ragon suna ya ƙare a tukunya. Limamai da sarakunan zango su riƙa tunasarwa, mu ma ba za mu gaji da faɗa a rediyo ba.